Idan Ƙwallo Ta Riga Ka Isa: Jan Hankali Ga 'Yan Ƙwallon Tebur Na Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan ƙwallon tebur, wasan da ba kasafai jaridunmu suke waiwayarsa ba saboda ƙwallon ƙafa ta cinye shafin wasanni kakaf, alhali kuwa duk wanda ya bi lungunan Nima, Mamobi, Fadama ko Madina da la'asar zai iske samari sun kewaye allon katako da aka ɗora bisa benci, an gitta wani guntun katako a tsakiya a madadin raga, suna fafatawa har a kira magariba. Wasan ba baƙo ba ne a Akra. A babban filin wasanni akwai zauren D.G. Hathiramani, wanda aka sa wa sunan ɗan kasuwar nan ɗan asalin Indiya da ya yi wa ƙwallon tebur hidima a Gana, kuma a watan Maris na 2024 wannan birni ya karɓi baƙuncin gasar wasannin Afirka, wadda ƙwallon tebur na cikin wasanninta. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne koyarwa, musamman a kan abin da yake cinye wa yaranmu maki fiye da komai, wato yadda za a mayar da ƙwallo idan an makara wajen isa gare ta.

Tsawon tebur na ƙa'ida mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, tsayin raga santimita 15.25, ita kuwa ƙwallon nauyinta giram 2.7 kacal. A irin wannan ɗan fili, bugu mai ƙarfi ba ya ɗaukar ko rabin daƙiƙa kafin ya iso, don haka babu ɗan wasan da ba ya makara, komai gwanintarsa. Hukumar wasan ta duniya ma ta ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000 domin wasan ya ɗan rage gudu, amma 'yan wasa suka ƙara ƙarfin jiki, gudun ya dawo. Bambancin gwani da ɗan koyo a nan yake: gwani ya san ya makara, sai ya sauya bugunsa nan take, shi kuwa ɗan koyo sai ya nace a kan babban bugun da ya ƙudura tun farko, ya ɗaga hannu har bayan kunne, ƙwallo ta wuce shi ko ta bugi gefen raket, wato faifan da ake buga ta da shi, ta faɗa kwata.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina horar da yara, shi ne wanda ya makara ya cire ran cin maki da wannan bugun. Aikinsa ya mayar da ƙwallo kan tebur ta hanyar da za ta saya masa lokaci, ya koma mazauninsa, ya jira bugu na gaba. Samarinmu ba sa son jin wannan magana domin 'yan kallo bugun ƙarfi suke yi wa ihu, amma tun da aka mayar da zagayen wasa daga maki 21 zuwa 11 a 2001, zubar da maki biyu ko uku saboda son burgewa ya isa ya kai mutum ƙasa.

Idan mutum yana kusa da tebur, abokin karawa ya auno masa ƙwallo da gudu da juyin gaba, wato tana juyawa kamar tayar da ke mirginowa gaba, dabarar da ta fi dacewa ita ce tarewa. Ba a kai hannu baya ko kaɗan. Ana ajiye raket a gaban jiki, sama da fuskar tebur, a ɗan kifa shi ƙasa gwargwadon ƙarfin juyin, a haɗu da ƙwallo tana tasowa daga tebur, sai ƙarfin mai bugun ya mayar masa da kayansa. Akwai sirri a riƙon raket wanda yara da yawa ba su sani ba: idan aka damƙe shi tamau, ƙwallo za ta koma da gudu, ta kuma sake dawowa da gudu, wanda ya makara ya ƙara makara, idan kuwa aka sassauta yatsu, raket zai sha ƙarfin bugun, ƙwallo ta koma a hankali, ta faɗi gajere, ta ɓata wa mai kai hari lissafi. Jan-Ove Waldner na Suwidin, wanda ya ci zinare a gasar Olimfik ta Barsalona a 1992, ya yi suna a wannan fanni, domin sau da yawa yana tsaye kusa da tebur zai riƙa sauya wa ƙwallo hanya har abokin karawarsa ya gaji da gudu. Wurin da ya fi kyau a nufa da tarewa shi ne gwiwar hannun da abokin karawa yake riƙe raket da shi, saboda a nan ne yake ruɗewa tsakanin bugun gaban hannu (tafin hannu na kallon ƙwallo) da na bayan hannu (bayan tafin na kallonta).

Haka shi ma mai tarewar, idan aka auno masa ƙwallo a gwiwar hannu ko a ciki kuma ba shi da lokacin kaucewa, bayan hannu ne mafita, domin shi ne yake rufe gaban jiki. Neman zagayawa a buga da gaban hannu alhali ƙwallo ta riga ta iso, shi ne yake sa a ga yaro ya lanƙwashe yana bugun iska.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne ƙwallon da aka jefa can nesa a ɓangaren gaban hannu, wato dama ga mai wasa da hannun dama. A nan ƙananan taku ba sa isa, dole a gitta ƙafa: mutum ya juya kafaɗa, ya ture ƙasa, ƙafar hagu ta ƙetare gaban ta dama, ya buga yayin da yake tafiya, sannan ƙafar dama ta sauka ta tsayar da jiki ta kuma turo shi ya dawo. Lokacin da zai iso, ƙwallo ta riga ta wuce ƙololuwar tashinta tana gangarowa, wani lokaci ma ta sauka ƙasa da fuskar tebur. Ƙwallon da ke ƙasa da raga ba a mara ta kai-tsaye. Shafar bayanta ake yi zuwa sama, da wuyan hannu da damtse, ta tashi da juyi mai yawa ta yi baka bisa raga ta sauka can ƙarshen tebur. Irin wannan bugu ba shi da gudu, amma daɗewar da ƙwallo take yi a iska ita ce lokacin da mutum yake buƙata ya dawo tsakiya.

Sai batun inda za a nufa da ita, kuma a nan lissafi yana taimakawa. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke gicciye da ita, tebur ya haura mita 3.1, wato ya fi miƙaƙƙen layi tsawo da kusan santimita 40, saboda haka bugun gicciye ya fi samun wurin sauka. Bayan haka, wanda aka kora can dama, idan ya mayar da ƙwallo a miƙe, ya buɗe wa abokin karawa hanyar gicciye zuwa kusurwarsa ta hagu, inda ba zai taɓa isa ba. Idan kuwa ya mayar a gicciye, hanya mafi faɗi da ta rage wa abokin karawa ita ce ta dawowa ɓangaren da yake tsaye. Wahalar ita ce hannun da ya makara shi da kansa yake karkata ƙwallo zuwa miƙaƙƙen layi, don haka sai an koyi lanƙwasa wuyan hannu a kamo ƙwallo ta gefenta na waje. Quadri Aruna na Najeriya, wanda ya doke Timo Boll na Jamus a Riyo a 2016 ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olimfik, ana yabonsa da ƙarfin gaban hannu, amma duk mai kallonsa da idon basira zai ga ƙafafunsa ne suke kai shi wurin.

Akwai kuma dabarun nesa da tebur, wato cilla ƙwallo sama da juyi, da kuma sara ta daga ƙasa da juyin baya, wato a shafi ƙasanta ta tafi tana juyawa da baya. Michael Maze na Denmak ya nuna amfanin cillawa a gasar duniya ta Shanghai a 2005, inda Hao Shuai na Sin ya riga shi cin zagaye uku, amma ya farfaɗo ya yi nasara, yana ta mayar da bugun ƙarfi daga nesa. Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu kuwa da sara ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Faris a 2003. Sharaɗin cillawa shi ne ƙwallo ta sauka kusa da layin ƙarshe. Idan ta sauka gajere, an miƙa wa abokin karawa wuƙa da nama.

Sai dai a nan ne nake saɓawa da masu koyar da yaranmu ta hanyar kwaikwayon bidiyon waya. Filin wasa na gasar duniya ba ya gaza mita 14 a tsawo da mita 7 a faɗi, mu kuwa teburanmu a lungu suke, bango a baya, kwata a gefe, mai koko na wucewa. Yaron da ba shi da ko taku uku a bayansa, ce masa ya ja da baya ya cilla ƙwallo ɓata lokaci ne. Abin da ya dace da halinmu shi ne a ƙware a tarewa da gajeren bugu kusa da tebur, kuma ina ganin ƙuncin ma yana da ranarsa, domin yana tilasta wa yaro saurin ido da saurin hannu. Illarsa ita ce ranar da aka kai shi babban zaure, sai a ga bai san yadda ake gudu zuwa gefe ba.

Makara ba a ƙwallo mai gudu kaɗai take ba. Gajeruwar ƙwallo mai juyin baya da ta faɗo kusa da raga ita ma tana kama wanda ya tsaya nesa. Maganinta shi ne a zura ƙafar dama ƙarƙashin tebur, a buɗe fuskar raket, a tura ƙwallo doguwa zuwa bayan hannun abokin karawa, sannan a janye ƙafa nan da nan. A kula, doka ta hana dafa fuskar tebur da hannun da ba ya riƙe raket yayin da ƙwallo take cikin wasa, haka kuma gusar da tebur ko taɓa raga, kuma kowannensu asarar maki ne. A lungu ana kawar da kai ga wannan, shi ya sa yaranmu suke shan mamaki gaban alƙalin wasa. Doka kuwa ba ta hana ƙwallo ta zagaya ta gefen raga ba, ba ta kuma hana sauya raket daga hannu zuwa hannu ba, abin da aka sha ganin Timo Boll yana yi idan ƙwallo ta yi masa nisa.

Mafi yawan makara daga bugun da ya gabata take farawa. Yaro zai buga, ya bar hannu ya zarce har bayan kafaɗa, ya miƙe tsaye a kan dugadugai yana kallon kyan bugunsa, raket a rataye ƙasa da tebur, sai ƙwallo ta dawo ta same shi bai shirya ba. Da zarar ƙwallo ta bar raket, kamata ya yi gwiwoyi su kasance a lanƙwashe, nauyi a kan gaban tafin ƙafa, raket a gaba, ido kuma ya koma kan raket ɗin abokin karawa da kafaɗarsa, domin su ne suke faɗin inda ƙwallo za ta nufa tun kafin a buga ta. Atisayen da ake kira Falkenberg, mai ɗauke da sunan wani gari a Suwidin, yana gyara wannan: bugu ɗaya da bayan hannu, ɗaya da gaban hannu daga kusurwar hagu, ɗaya da gaban hannu daga kusurwar dama, a yi ta maimaitawa. Inda ƙwallaye suka wadata, mai horarwa ya cika kwano da su ya riƙa jefawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsari ba, kamar yadda ake yi a Sin. Inda babu, a yi takun ba ƙwallo, a farfajiyar gida ma ya wadatar.

Roƙona ga masu teburan haya a zangunanmu shi ne su riƙa ajiye tebur bisa tsawon lungu maimakon gitta shi, domin 'yan wasa su sami fili a bayansu, ga shugabannin makarantu da sarakunan zango kuma su ba yara aron farfajiya ko aji a ƙarshen mako don su saba da wasa a wuri mai faɗi. Ku kuma, Malam Edita, ina fata za ku ware wa ƙwallon tebur ko da rabin shafi a wata, masu horarwa na Akra da Kumasi su riƙa aiko da abin da suka sani.

Wassalam.

Naku,
Wani mai horar da yara ƙwallon tebur,
Nima, Akra.