Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, malamai.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Babban aikinmu bana shi ne bitar kwana biyu kan koyar da fasahar nano, wato fasahar sarrafa abubuwa 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya iya gani, da kayan da muke da su a ɗakunan gwaje-gwajen kwalejojinmu, kuma Alhamdulillahi ta yi armashi. Kowane malami ya haɗa ƙwayoyin azurfa 'yan mitsi-mitsi da hannunsa ta amfani da ruwan ganyen darbejiya. Ga tsarin domin mai son maimaitawa da ɗalibansa: a wanke ganye giram 10, a tafasa cikin tataccen ruwa mililita 100 na minti 10, a tace da takardar Whatman lamba 1. A narkar da silba naitiret (sinadari mai ɗauke da azurfa) giram 0.017 cikin tataccen ruwa mililita 100, a ɗebi mililita 90 a zuba masa ruwan ganye mililita 10. Launi zai juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, na'urar UV-Vis, mai auna yawan hasken da ruwa ke sha, kuma ta nuna ƙololuwar shan hasken tsakanin nanomita 400 da 450.

Rukunin da ya ɗauraye kwalabe da ruwan famfo nasa ya yi fari-fari kamar farau-farau, domin sinadarin kulorayid da ke cikin ruwan famfon ya kama azurfar. Wanda ya cika ruwan ganye kuwa, ƙwayoyinsa suka dunƙule, ƙololuwar ta baje. A naɗe kwalbar silba naitiret kada haske ya ɓata ta, a kuma sa safar hannu, tabonsa baƙi ne mai daɗewa a fata.

Shirin duba samfur da madubin lantarki (na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa) ta intanet, irin wanda malaman kwalejojin al'umma na Amurka ke yi ta hanyar RAIN, tsarin da ke ba da damar sarrafa na'urorin binciken nano daga nesa, bai yiwu ba. Ba sakacin kwamiti ba ne. Abin na buƙatar wuta da intanet marar yankewa, kuɗin dizal kuwa babu. Littafin jagoran gwaje-gwaje ma yana nan a rubuce, kuɗin ɗab'i ya tsayar da shi.

Dalilin dai ɗaya ne. Mafi yawanmu ba su biya kuɗin ƙungiya ba, sinadaran bitar ma daga aljihun wasu 'yan kwamiti suka fito. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar raba takardar shaida. Mun kira, mun tura saƙo, mun gaji. Duk wanda ake bi ya nemi ma'aji kafin taron wata mai zuwa, mu samu mu kai littafin maɗaba'a.

Sakatare