Sakan 90 ɗin Raspberry Pi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin matasanmu masu kafa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a makarantu. In an dawo da wuta, wata manhaja ta ƙi tashi, kada a yi gaggawar goge komai. Bisa saitinsa na asali, sakan 90 kacal systemd, wato tsarin da ke tayar da manhajoji in an kunna na'ura, yake jira manhaja ta tashi, daga nan sai ya kashe aikin. A tawa na'urar, ma'ajiyar bayanai ce ke jan ƙafa saboda katin memori mai arha. Umarnin systemd-analyze blame, mai nuna tsawon lokacin da kowace manhaja ta ɗauka kafin ta tashi, ya tona mai laifin, umarnin journalctl, mai nuna rahoton abin da ya faru, ya faɗi dalili. Ƙara TimeoutStartSec, wato saitin tsawon wannan jira, a ganina, rufa-rufa ce. Katin na sauya. A duba caja ma. Pi 4 volt 5 da amfiya 3 take so, cajar waya 'yar kasuwa ba ta isa.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya