Minshari a Masaukin Alhazai: Wa Zai Faɗa wa Dattijo?

Assalamu alaikum warahmatullah, Malam.

Muna gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na wannan fili. Allah ya ƙara basira. Mu 'yan kwamitin bitar maniyyata ne na wani masallacin Juma'a da ke Agege, nan Legas, kuma a cikinmu akwai malamai da ma'aikatan jinya. Maganar da muka kawo maka, duk inda aka tayar da ita a wajen bita sai a fashe da dariya a wuce ta. Amma in an dawo daga Saudiyya, ita ce ke sa mutum biyu da suka hau jirgi ɗaya a Ikeja suna aminai su sauko ko gaisuwa ba sa yi. Maganar minshari ce a ɗakin da aka haɗa alhazai.

Ka san yadda kwanan yake. A Madina da Makka yawanci mutum huɗu ake sa wa a ɗaki, gado kusa da gado, maza daban mata daban, kuma zaman kan kai wata guda ko fiye. A Mina kuwa mutum gommai ne a tanti ɗaya, katifa manne da katifa. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, ga fita Harami tun kafin asuba, ga tafiyar ƙasa. Barcin da ya rage wa alhaji a dare bai taka kara ya karya ba. In mutum ɗaya ya cinye wa uku wannan ɗan barcin dare bayan dare, za su je Arfa da jifan Shaiɗan da ƙafar da ba ta huta ba, a cikin zafin da kan haura digiri 40.

Yadda abin ke faruwa a jiki sananne ne. In barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki: tattausan naman da ke bayan ganɗa, da beli, da gindin harshe. Hanyar iska ta ƙuntata, iskar ta riƙa kaɗa naman nan tana wucewa, ƙarar ke nan. Kwanciyar rigingine ta fi komai tsananta shi, domin harshe baya yake faɗawa. Sai ƙiba, musamman kaurin wuya. Namijin da wuyansa ya kai inci 17, wato wajen santimita 43, yana cikin waɗanda likitoci ke sa wa ido, kuma kowane tela zai auna masa wannan a minti ɗaya. Aikin Hajji kuma sai ya zo da nasa ƙarin. Gajiya da bashin barci suna ƙara sakin naman, shi ya sa wanda iyalinsa ba su taɓa jin ɗuriyarsa a gida ba, zai iya zama injin niƙa a daren farko a Mina. Murar da ke zagaya alhazai tana toshe hanci a koma shaƙa ta baki, na'urar sanyaya ɗaki ta busar da maƙoshi. Sai kuma kuskuren da aka fi yi: mai mura ya sha Piriton ko maganin tari mai sa barci, ko a ba wanda ya kasa runtsawa ƙwayar barci irin su diazepam. Su ma sakin naman suke ƙarawa, a wayi gari ƙarar ta ninka.

Abin da muke koyarwa a kan mai minsharin shi ne ya kwanta ta gefe, kuma gefen dama shi ne sunna kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib. Matsalar ita ce bayan awa ɗaya ya mirgina ya koma rigingine bai sani ba. Maganin wannan, a ɗinka ƙaramin aljihu a bayan singileti, tsakanin kafaɗu, a sa ƙwallon tanis ko safa biyu da aka dunƙule. Da ya mirgina abin zai tokare shi ya koma gefe ba tare da ya farka sosai ba. Sai dai dabarar tana da iyaka: daren da aka shiga Mina ranar 8 ga Zulhijja da daren Muzdalifa namiji yana cikin harami, ba damar sa ɗinkakkiyar riga. A nan sai ya jingina bayansa da jakarsa ta hannu ko tawul da aka naɗe da ƙarfi. Ɗaga kai ma yana taimakawa, amma ba ta hanyar jibga filo uku ba, wannan lanƙwasa wuya yake yi ya ƙara matse hanyar. Bargo ake ninkewa a cusa ƙarƙashin katifar ta wajen kai, ta tashi kamar santimita 10, ƙirji da kai su ɗagu tare. Abincin dare mai nauyi a ci shi awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Hanci in ya toshe a wanke shi da ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Maganin feshin hanci na kemis yana buɗewa nan take, amma in aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi hancin kan dawo ya fi da toshewa, kuma mai hawan jini sai ya tambayi likita tukuna. Masu zuwa wajen wanzami a cire musu beli kafin tafiya kuwa, hana su muke yi. Ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ga shi beli ɗaya ne kawai daga cikin naman da ke kaɗawa.

Su kuma masu sauraro, abin toshe kunne na soso shi ne gatansu, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa. Auduga ba ta tare komai. A jikin kwalin masu kyau za ka ga an rubuta desibel 30 ko kusa da haka, wato yawan ƙarar da yake ragewa. Ba ya kashe ƙarar gaba ɗaya, yana mayar da ita can nesa ne yadda barci zai iya ɗauka. Masu cewa sun gwada bai yi ba, yawanci a bakin kunne suka ɗora shi. Murza shi ake yi da yatsu har ya zama siriri kamar tsinke, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan ƙeya a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a danne da yatsa na daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. A tafi da kamar guda 20, domin yana datti, ba a aron na wani, mai ciwon kunne kuma ya haƙura da shi. Nan take wani zai ce to in ya makara sallar asuba fa? Sai ɗaki ya naɗa mutum ɗaya mai tashin sauran. Haka nan masu saurin farkawa su riga kwanciya da minti 20 zuwa 30, mai minsharin ya yi lazimi ko karatunsa a falo ya shigo daga baya. Gadonsa ya zama na ƙurya. Wasu sukan juya kwanciya, kan wannan wajen ƙafar wancan, don a ƙara nisa tsakanin baki da kunne. Yana rage ƙarar kaɗan, amma miƙe wa dattijo ƙafa saitin kansa wata rigimar ce ta daban.

Kada kuma a ɗora wa mai minshari laifin ɗaki duka, don shi aƙalla ba da gangan yake yi ba. Wanda ya kunna fitilar ɗaki ƙarfe biyun dare yana neman silifa, da mai kwance ledoji yana lissafin tsaraba, da mai kiran bidiyo da iyali a Idi-Araba ya saki lasifika don shi a lissafinsa a gida dare bai yi nisa ba, waɗannan idonsu biyu. Nasu gyaran mai sauƙi ne: a haɗa kayan fita Harami tun bayan isha, a yi amfani da tocilar waya a kife ta ƙasa, a fita baranda in za a yi waya.

Duk wannan, Malam, mun iya faɗarsa a gaban allo. Inda muka cije shi ne yawancin dabarun nan ba sa aiki sai mai minsharin ya yarda yana yi, shi kuwa bai taɓa jin kansa ba. Kuma wa zai faɗa masa? Ɗaki ɗaya kan haɗa ɗan shekara 30 da sa'an mahaifinsa, yaron shago da ubangidansa na kasuwar Mil 12 wanda shi ya biya masa kujerar, wani lokaci ma mutum da surukinsa, wanda ko sunansa ba ya iya faɗa. Wanda ya tashi ta hukumar alhazai ta jihar Legas kuma ba mamaki ya tsinci kansa da 'yan'uwa Yarabawa, waɗanda su ma girmama babba a wurinsu ba wasa ba ne, ga harshe bai haɗu sosai ba. Sai a yi shiru. Shirun nan ba ya zama a ciki: yana fitowa ta tsaki cikin duhu, da buga ƙofar banɗaki, da habaici wajen cin abinci, a ce ai daren jiya ba a ɗauke wuta ba amma janareto ya kwana yana aiki. Kowa ya yi dariya, dattijon ya gane da shi ake. Daga nan sai a shiga jawo nassi. Wannan ya ce an ɗauke alƙalami a kan mai barci har ya farka, wancan ya ce ba cuta ba cutarwa. Kowa da gaskiyarsa, alhali Allah ya ce babu jayayya a cikin Hajji, a aya ta 197 ta Suratul Baƙara.

Akwai kuma nau'in da ya wuce maganar ladabi. In ka kasa kunne za ka ji ƙarar tana hawa tana hawa, sai ɗif, ta yanke. Ƙirjin mutumin yana ɗagawa yana sauka amma ba iskar da ke wucewa. Ka ƙirga goma, ka kai ashirin, sai ya zabura da wani irin gurnani kamar an shaƙe shi, ya ja iska, ya ci gaba da barci. Da safe bai san an yi ba, sai dai ciwon kai da bushewar baki da gyangyaɗi a sahu. Ɗaukewar numfashi na daƙiƙa 10 ko fiye, tana maimaituwa cikin dare, ciwo ne da likitoci suka sani, yana tafiya da hawan jini da ciwon zuciya. Ana gano shi da gwajin barci, kuma hanyar farawa ita ce sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Maganinsa da aka fi sani na'urar CPAP ce mai hura iska ta hanci. Mai ita ya sa ta a jakar hannu tare da takardar likita, ya nemi gadon da ke kusa da soket, ya kuma san cewa a Muzdalifa a fili ake kwana. Cikin maniyyatanmu akwai direbobin tirela da tanka masu lodi a Apapa su nufi Arewa. Irin wannan mutum in abokan ɗakinsa suka ga haka suka yi shiru don kunya, da ciwonsa zai koma kan sitiyari.

Ga inda kawunanmu suka rabu. Wasunmu na ganin a sa tambayar ko mutum yana minshari a takardar da maniyyaci ke cikewa wajen bita, mu kai wa jami'an rabon ɗakuna a matsayin roƙo. Amma mutum bai san yana yi ba, wadda ta sani matarsa ce. Ya halatta matan kwamiti su tambaye ta a keɓe, ko hakan ya shiga tona asirin shimfiɗa? In an samu sunayen, wasu sun ce a tara su ɗaki ɗaya. Mu ma'aikatan jinya mun san su ma tashin juna suke yi, wanda ya riga barci shi ya ci riba, kuma kafin kwana biyu an laƙaba wa ɗakin suna. Muna ganin gara a haɗa kowannensu da masu nauyin barci, irin waɗanda suka saba kwana a kasuwa kusa da janareto, bayan an tambaye su sun amince. Kai me ka gani?

Sai batun ɗaukar murya. Babu abin da ke gamsar da mai musu irin ya ji kansa a waya, likita ma yana amfana da ita. Amma an ɗauke shi ne yana barci ba da izininsa ba, kuma abin da ya shiga waya ba wuya ya faɗa zauren WhatsApp na unguwa. Malamanmu sun haɗu a kan cewa yaɗa ta giba ce da cin mutunci. Ɗaukar don a nuna masa shi kaɗai a goge a gabansa, a nan suka saɓa.

Babban abin da muke roƙo shi ne lafazi. Wace magana yaro zai faɗa wa sa'an ubansa, ko suruki ga surukinsa, da za ta isar da saƙon ba tare da dattijo ya ji an muzanta shi a ƙasa mai tsarki ba? Ya fi kyau a aiko malamin tawaga ko wani sa'ansa, ko shigo da na waje shi ne ƙarin tonon silili? In an faɗa masa da ladabi ya ce shi bai taɓa minshari ba, ya ƙi kwanciyar gefe, ya ƙi ganin likitan tawaga, wanda ya nemi a sauya masa ɗaki ya yi rashin haƙuri ke nan, ko haƙƙinsa ya nema? Cikin dare kuma, mun saba cewa a ɗan girgiza katifar ko a taɓa kafaɗa a ce "Baba, a gyara kwanciya", kada a kira suna da ƙarfi. Sau nawa za a yi wa babba haka a dare ɗaya kafin ya zama rashin kunya?

Bayan ƙaramar salla za mu buɗe bitar bana. In amsarka ta riske mu kafin nan, za mu karanta ta a zaman maza da na mata, mu kuma nemi wanda zai juya ta zuwa Yarabanci.

Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Daga 'yan kwamitin bitar maniyyata,
Agege, Legas.