Irin ƙatuwar kabewar nan, don Allah a bari a gwada kafin ya shiga gona

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya faru a gidana, wanda na tabbata ba gidana kaɗai ba ne. Ni manomin rani ne, kankana da tumatur da kabewa su ne abincina, kuma sama da shekara ashirin ke nan ina cikin laka.

Kwanakin baya ɗan wana ya zo min da waya yana ta zumuɗi, wai Baba kalli ikon Allah. Bidiyo ne a Facebook na wata kabewa da ake ɗagawa da injin ɗaga kaya ana ɗora ta kan sikeli, mutane na ta tafi. Wallahi da farko na ɗauka haɗi ne irin na kwamfuta, sai daga baya na gane gaske ne. A shekarar 2023 wani Ba'amurke mai suna Travis Gienger daga jihar Minnesota ya kai kabewa gasa a Kalifoniya ta yi kilo 1,247, kabewa ɗaya tal, wato nauyin buhun taki kusan 25. Irin kuma Atlantic Giant ake ce masa, wani manomi ɗan Kanada Howard Dill ne ya yi shekaru yana tace shi har ya kai haka. Masu wannan harka har suna suke sa wa iri, nauyin uwar da sunan wanda ya noma ta, kuma ƙwaya ɗaya ta sananniyar kabewa ana iya sayen ta ɗaruruwan daloli a gwanjo.

To yaron nan ashe har ya gama magana da wani abokinsa da ke karatu a waje, za a sayo masa ƙwaya biyar a cusa cikin safa a jaka a kawo masa in an zo hutu, ba takarda ba komai. Da na ce a'a sai ransa ya ɓaci, wai ƙwaya biyar me za ta yi, ai ba ƙwaya ba ce ta maye. Na zaunar da shi a bakin rijiyar gona muka yi ta har la'asar, kuma abin da na faɗa masa shi nake so masu karatu su ji.

Akwai wata cuta ta dangin kabewa da masana ke taƙaita sunanta da CGMMV, ƙwayar bairos ce, kuma cikin iri take tafiya. Ka duba irin da idonka ka ga shi fes, ka wanke ka shanya, tana nan. Tun 1935 aka fara gano ta a Ingila a jikin kokwamba. A 2013 ta ɓulla a Kalifoniya, a 2014 kuma sai ga ta a gonakin kankana na arewacin Ostireliya wajen garin Katherine, aka killace gonaki aka lalata amfanin da ke ciki, aka hana mutane shuka dangin kankana a filayensu kusan shekara biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda take yi wa kankana, daga waje lafiya lau, sai an yanka ka ga cikin ya yi laushi ya zama kamar soso ya lalace. Duk wanda ya taɓa loda mota ya kai kasuwar Yankaba a Kano ko ya tura Legas ya san me wannan ke nufi, dillali ya fasa guda biyu ya ga haka, shikenan mota guda ta tashi a banza kuma sunanka ya ɓaci. Sannan ba ta tsaya a iri ba, tana bin wuƙa da fartanya da hannu da takalmi, tana zama a ƙasa wata da watanni, kuma ba maganin feshi da ke kashe ta.

Shi ya sa tun daga lokacin Ostireliya ta ce irin kankana da kokwamba da kabewa har da duma ba ya shiga sai an gwada a ɗakin gwaje-gwaje. In kaya mai yawa ne ƙwaya 9,400 ake ɗiba, in kuma ɗan kaɗan ne kashi 20 cikin 100. Kuma gwajin nan niƙe irin ake yi, wanda aka gwada ya tafi ke nan. A nan ne masu ƙatuwar kabewa ke kuka, don mutumin da ya sayi ƙwaya biyar da tsada za a niƙe masa ɗaya, ga kuɗin gwaji wanda zai iya fin kuɗin irin, ga jira har lokacin shuka ya wuce. Gaskiya na tausaya musu, ni ma na san zafin iri mai tsada, na sha ƙirga ƙwayar kankana ɗaya-ɗaya daga gwangwani ina sakawa a rami kamar mai ƙirga kuɗi. Amma duk da haka ina bayan gwajin, saboda shi sha'awa yake yi da gasa, maƙwabcinsa kuma da kankanar nan yake biyan kuɗin makaranta da na asibiti.

Mu ai ba labari za a ba mu ba. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta da muke kira sharon ta afka wa tumaturinmu, cikin kwana kaɗan gonata ta koma kamar an bi ta da wuta, ganye ya bushe ya yi fari, ka ɗaga ɗan tumatur ka ga huji. Har jihar Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur a shekarar. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006 sannan ta gangaro Afirka. A dai 2016 ɗin aka fara ganin tsutsar masara mai cin tsakiyar kara a Najeriya, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Waɗannan ba ta iri suka zo ba, na sani, amma duk iyaka suka tsallako, kuma bashin da na ci a shekarar sharon sai da na yi damina biyu ina biya.

Kuma a tuna mu dangin kabewa sun yi mana yawa. Kabewar miyan taushe, kankana, guna da agushi, kokwamba, duman da ake ƙwarya da ludayi, soso, duk 'yan gida ɗaya ne. Gonakinmu kuma a manne suke, kunya ɗaya ce tsakanina da maƙwabcina, ruwa ɗaya muke sha daga kwata ɗaya, lebura ɗaya zai yi min aiki da safe ya yi wa wani da yamma da fartanyarsa. Ga al'adarmu ta kyautar iri, in kabewarka ta yi kyau kowa sai ya roƙa, ba ka iya hanawa. In abu ya shiga ta gona ɗaya waye zai tare shi?

Hanyar halal tana nan. Akwai hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS, ita ke ba da izinin shigo da iri, sannan ƙasar da irin ya fito ta haɗo da takardar shaidar lafiyar tsiro, wadda ƙasashe suka amince da ita ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951. Akwai kuma majalisar kula da iri, NASC. Matsalar ita ce yawancin manoma da yaranmu masu oda ta intanet ba su taɓa jin sunayen nan ba, sun ɗauka in kwastan ba su tare ba shikenan an tsira.

Don haka ina da roƙo ga hukumomin nan. Ku fito rediyo da Hausa ku yi bayani dalla-dalla, ina ake zuwa, nawa ake biya, kwana nawa ake jira. Sannan ku yi wa mai ɗan ƙaramin iri hanya mai sauƙi daban da ta manyan kamfanoni. Amurka tana da izini na musamman na ƙananan ƙunshi, wanda bai wuce ƙwaya 50 a fakiti ba, ana aikawa kai tsaye tashar bincike a duba sannan a tura wa mai shi. In hanyar gaskiya ta yi tsada ta yi nisa, yaro zai koma wa safa ne, kuma ba kowane yaro ke da baffan da zai zaunar da shi ba.

Shi dai nawa ya haƙura da maganar safa. Mun yi da shi zai nemi mai sayarwa da zai iya haɗowa da takarda, mu kuma mu nemi izini a nan, in ya iso na yi masa alkawarin wani lungu can bayan gida nesa da kankanata, da fartanyarsa daban da bokitinsa daban, ni ma ina son in ga girman da za ta yi a zafin nan namu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Manomin rani daga Kura, jihar Kano