Amsata ga Malamin da ya tambaye ni kan Agbani Darego

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayar da ka ajiye min a Facebook gaban kowa, wai ni da nake 'yar Kaduna ta yaya zan yabi Agbani Darego, 'yar Najeriyar da ta ci gasar kyau ta duniya wato Miss World, alhali kambunta ne ya jawo mana bala'in rikicin 2002, kuma wai zan yarda 'yata ta shiga irin wannan gasar? Tunda a fili ka tambaya bari in amsa a fili.

Ta biyun ba ta da tsawo. Ba zan yarda ba, addinina da tarbiyyar gidanmu ba su ba ni wannan ba. Ta farkon ce ta tsaya min a rai.

Yarinyar nan 'yar Abonnema ce a jihar Ribas, an haife ta a 1982, tana da shekara 12 ciwon dajin nono ya ɗauke mahaifiyarta. Tana karatun kwamfuta a jami'ar Fatakwal ta ci gasar kyau ta Silverbird a 2001, ta je Miss Universe ta shiga goman farko, sai a Nuwamban shekarar a Sun City ta Afirka ta Kudu ta ɗauko Miss World tana da shekara 18, baƙar fata ta farko daga Afirka da ta taɓa cin gasar. Abin da na yaba shi ne abin da ya biyo baya. Ta samu kwangilar shekara 3 da kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal, ga kuɗi ga suna ga yawon duniya, da yawa a nan suke tsayawa har kyan ya ƙare su rasa madafa, ita kuwa ta koma aji a jami'ar New York ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam ta gama a 2012, tana dab da shekara 30. Ta buɗe kamfanin tufafinta mai suna AD, a 2017 ta auri ɗan Janar T.Y. Danjuma. Komawa makarantar nan nake nuna wa 'yan matanmu da suke ganin in an wuce ashirin da biyar boko ya wuce su.

To mu zo kan Kaduna, don ina garin Malam, ba labari aka ba ni ba. Ana cikin azumi ne. Mun sha ruwa ƙofa a kulle da dokar hana fita, warin hayaƙin taya har cikin ɗaki, kuma maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya ta kwashe 'ya'yanta ta koma tsallaken kogi, har yau ba ta dawo unguwar ba. Sama da mutum 200 suka mutu, Musulmi da Kirista. Wallahi ba zan taɓa ɗaukar wannan da wasa ba.

Amma fisabilillahi wa ya yi me? Masu shirya gasa da hukumomi ne suka ce a kawo Miss World ta 2002 Abuja, aka sauke 'yan takara ana azumi, ga maganar hukuncin jifa da kotun shari'a ta yanke wa Amina Lawal tana ta da ƙura har wasu ƙasashe na cewa ba za su zo ba. 'Yar jarida Isioma Daniel ce ta rubuta maganar da ta taɓa Manzon Allah (SAW) a kan gasar, editocin jaridar ThisDay suka bari ta fita, daga baya suka dawo suna neman afuwa. Aka kwashe gasar zuwa Landan, can Agbani ta miƙa kambun ga Azra Akin 'yar Turkiyya. Ita ba ta zaɓi gari ba, ba ta zaɓi wata ba, ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba, a lokacin ma ba ta cika ashirin ba.

In za ka lissafa masu alhakin jinin nan ina bayanka, ka sa mai rubutun, ka sa editan, ka sa waɗanda suka kawo gasar ba su duba halin da ƙasa take ciki ba. Sannan ka sa waɗanda suka ɗauki adda da fetur suka shiga gidajen mutanen da ko jaridar ba su gani ba, daga ɓangarensu da kuma daga namu. Wassalam.