Finafinan halittun sama da yaranmu ke kallo akwai saƙo a ciki

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan finafinan nan na Amurka da ake nuna wasu halittu sun sauko daga sama za su cinye duniya, wanda yanzu duk inda ka zaga a Kaduna daga Rigasa har Tudun Wada za ka ga yara sun kai waya shagon masu turi an cika musu, wasu ma har da fassarar Hausa.

Iyaye suna cewa ai tatsuniya ce kawai. Wallahi akwai karatu a ciki. Ku duba Independence Day na 1996, duniya kaf ta rasa ta cewa kowa ya zuba wa Amurka ido, shugabansu da kansa ya shiga jirgin yaƙi bayan ya gama jawabi wai 4 ga Yuli ranar 'yancinsu ta zama ta kowa da kowa, mu kuwa 'yan Afirka sai can ƙarshe aka hasko mu riƙe da mashi muna murna. Kuma ma'aikatar tsaronsu Pentagon tana ba masu fim aron jirage da sojoji, irin yadda ta yi wa Transformers a 2007, amma sai ta karanta labarin tukuna, abin da bai mata ba a gyara ko ta janye.

Abin da ya fi ci min rai shi ne asalin labarin nan kusan namu ne. Lokacin da marubucin Ingila H.G. Wells ya fitar da The War of the Worlds a 1898, labarin halittun sama da suka sauko suka far wa Ingila, tun a farkon littafin ya tuna wa Turawa yadda suka ƙarar da mutanen Tasmaniya, wani tsibiri a Ostireliya, wato ku ɗanɗana abin da kuke yi wa wasu. Shekara biyar bayan nan sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da bindigar Maxim, a 1906 aka shafe Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato da ya yi wa Turawa bore. To mu aka sauko wa ai! Amma yau jikokin waɗancan mutanen ne ke tafi suna ihu in sojan Amurka ya harbo jirgin baƙi.

Ina roƙon malaman tarihi na makarantunmu su riƙa ɗauko irin fim ɗin nan a aji, su tambayi yara wa ake nunawa mai ceto, wa ya ba da aron jiragen, sannan a koya musu Satiru.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna