Manoman Rae Bareli da Suka Kada Firaminista

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wata magana da na karanta a shafinku na sharhi, inda marubucin ya ce mutumin ƙauye bai san abin da yake zaɓa ba, duk inda aka kaɗa shi nan yake bi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma akwai wata mazaɓa da nake ba ɗalibaina labarinta duk ranar da wani ya kawo irin wannan zance.

Sunanta Rae Bareli, a jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 80 daga birnin Lucknow. Kujera ce guda cikin 543 na majalisar wakilan ƙasar, wadda suke kira Lok Sabha. Yawancin mutanenta manoman alkama da shinkafa ne. Wanda ya fara wakiltarsu a 1952 shi ne Feroze Gandhi, mijin Indira Gandhi, 'yar Firaminista Nehru. Surukuta ba ta rufe masa baki ba, domin shi ya tona wata badaƙalar kuɗin inshora a zauren majalisa, har ministan kuɗi ya ajiye aiki a 1958. Ya rasu a 1960.

Indira ta tsaya a wannan mazaɓa a 1967 tana firaminista, ta ci. Ta sake ci a 1971 da ratar ƙuri'a fiye da 100,000. Wanda ta kayar, Raj Narain, ɗan ra'ayin gurguzu ne da aka sani da ɗaura ƙyalle a ka, ya kuma sha shiga kurkuku saboda zanga-zanga. Bai haƙura ba, ya garzaya kotu. Ranar 12 ga Yuni, 1975, Mai Shari'a Jagmohanlal Sinha na babbar kotun Allahabad ya soke zaɓenta. Laifin da aka kama ta da shi, wani zai ce bai taka kara ya karya ba: wani jami'in gwamnati ya yi mata aikin kamfe, kuma ma'aikatan jiha ne suka kafa mata dandamalin taro suka ja wutar lasifika. Amma doka ta hana. Maimakon ta sauka, ranar 25 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci, wadda ta ɗauki wata 21.

A nan nake so marubucinku ya tsaya ya duba. An kulle 'yan adawa, an toshe bakin jaridu, amma wanda ya fi jin jiki shi ne talakan karkara. Gwamnati ta shiga yi wa maza aikin hana haihuwa, miliyoyinsu, da yawa bisa tilas, ɗan Indira, Sanjay, na kan gaba wajen ingiza abin. Magidanta suka riƙa kwana a gonaki don gudun motocin jami'ai. Yawancinsu ba su yi bore ba. Shiru suka yi, masu mulki kuma suka ɗauka shirun yarda ce.

Ina tuna daren da labarin ya zo, cikin Maris na 1977. Ina saurayi a lokacin, muna zaune da mahaifina, rediyonsa a cinya, batirin ya yi sanyi har sai ya kara ta a kunne. Ya ɗago ya ce, "Kai, wai matar nan ta faɗi a mazaɓarta." Na ce ko dai jam'iyyarta ce ta faɗi. Ya ce a'a, ita da kanta. Raj Narain ɗin nan ya kada ta da ƙuri'a kusan 55,000. A maƙwabciyar mazaɓa, Amethi, Sanjay ma ya sha ƙasa. Jam'iyyarsu ta Congress ba ta samu ko kujera ɗaya ba a duk faɗin Uttar Pradesh. Mutanen da suka yi wannan aiki, da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa ba, alamar jam'iyya suke dubawa su buga hatimi.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Bayan shekara uku, a 1980, suka sake zaɓenta, domin gwamnatin jam'iyyar Janata da ta gaje ta ta ɓige da rigimar cikin gida ta wargaje. Ita kuwa sai ta bar musu kujerar ta riƙe ta Medak da ke kudu, inda can ma ta ci. Tun daga nan mazaɓar ta fi zama a hannun Congress, ban da 1996 da 1998 da jam'iyyar BJP ta karɓe. Sonia Gandhi, matar Rajiv ɗan Indira, ta riƙe ta daga 2004 har 2024. Wani zai ce to ai ga biyayyar makanta nan. Ni ban ga haka ba. Gidan nan ya kawo musu masana'antar kayan tarho tun zamanin Indira, daga baya aka kafa ta ƙera taragun jirgin ƙasa a Lalganj. Manomi yana lissafin abin da ya gani da idonsa, kuma yaba kyauta tukuici.

Amethi ta ƙara nuna haka daga baya. Rahul Gandhi, ɗan Sonia, ya ci ta sau uku a jere, daga 2004. A 2019 Smriti Irani ta BJP, wadda ya kayar a 2014 amma ba ta daina zuwa ƙauyukan ba, ta kada shi da ƙuri'a kusan 55,000, kusan daidai da ratar da aka kada kakarsa. A 2024 ita ma, tana minista, suka sauke ta da ratar sama da 160,000, suka ɗora Kishori Lal Sharma, ma'aikacin jam'iyya da ya yi shekaru yana zaga garuruwan nan yana sauraron koke-kokensu. Rahul kuma ya koma Rae Bareli ya ci kujerar mahaifiyarsa.

Ina roƙon ku da ku isar da wannan wasiƙa ga marubucin, in kuma yana da amsa, ku buga ta a shafin nan, zan karanta.

Naku mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin tarihi